Zaman Lafiyar Wa? Sharhi a Kan Abin da Tokabil Ya Rubuta Game da Aljeriya

  

A hutun da ya wuce wani tsohon ɗalibina, wanda ya karanci Ajurumiyya da Risala a wurina kafin ya tafi Yamai karatun shari'a a jami'a, ya zo gaishe ni riƙe da littattafai biyu. Da muka gama gaisawa ya ajiye su a kan tabarma ya ce, "Allah gafarta Malam, mutum ɗaya ne ya rubuta waɗannan. A wannan yana kuka saboda abin da aka yi wa jajayen mutanen Amurka. A wannan kuma yana cewa a ƙona hatsin mutanen Aljeriya. Ni dai na kasa haɗa su." Na ce masa, "Ɗana, bar mini su." Faransancina na kasuwa ne, don haka na nemi fassarar Larabci, shi kuma ya riƙa zuwa bayan isha'i yana karanta mini na asalin muna gwadawa. Abin da na fahimta shi ne zan kawo muku a wannan fitowar, domin yaranmu da yawa suna lakwal da jami'a, kuma sunan mutumin nan suna jinsa ana ambata da girmamawa.

A rubuce sunansa Alexis de Tocqueville, a baki Tokabil. Bafaranshe ne, an haife shi a 1805, ya rasu a 1859. Yana cikin manyan malaman abin da Larabawa ke kira libiraliyya, wato ra'ayin da ke cewa mutum yana da haƙƙoƙin da hukuma ba ta da ikon taɓawa, mulki sai da yardar waɗanda ake mulka, doka tana bisa sarki, kowa ya yi addininsa da kasuwancinsa ba tsangwama. Ba ƙaramin zance ba ne, kuma wanda ya taɓa zama ƙarƙashin mai bindiga ba zai raina shi ba.

Wannan mazhaba tana da babi guda a kan yaƙi da zaman lafiya, kuma shi ne abin alfaharinta. Tun 1748 Montesquieu ya ce ciniki yana tausasa halin mutane, ƙasashen da ke saye da sayarwa da juna ba sa son faɗa. A 1795 Kant, Bajamushe, ya rubuta ɗan littafi a kan zaman lafiya na dindindin, ya ce idan talakawan da za su mutu kuma su biya kuɗin yaƙi su ne ke da ikon cewa a yi ko kada a yi, to da wuya su ce a yi. A 1814 Benjamin Constant ya ce zamanin cin ƙasa da takobi ya wuce, zamanin kasuwa ya zo. To, shekara goma sha shida bayan wannan magana sojan Faransa suka shiga birnin Aljaza'ir. Ƙarnin da ya biyo baya kuwa, ƙasashen da suka fi kowa majalisa da jarida da kasuwa, wato Ingila da Faransa, su ne suka fi kowa cin ƙasar mutane. Wannan ita ce mas'alar.

Tokabil ya je Amurka a 1831, ya yi wata tara, ya dawo ya rubuta littafinsa a kan dimokuraɗiyya a can, juzu'i na farko a 1835, na biyu a 1840. A ƙarshen shekarar 1831 ya tsaya a bakin kogin Misisifi ya ga ƙabilar Cokto ana ƙetarar da su cikin tsananin sanyi, tsofaffi da majinyata da jarirai, an raba su da ƙasar kakanninsu. Ya ba da labarin da tausayi na gaske. Ya kuma lura da wani abu mai zurfi: cewa Amurkawa sun gama da mutanen nan ba tare da sun bar hanyar takarda da yarjejeniya da kotu ba. Ka ga mutum ne mai ido. A 1839 kuma, yana ɗan majalisa, shi ya rubuta rahoton da ya nemi a 'yanta bayi a ƙasashen da Faransa ke riƙe da su. Ba jahili ba ne, ba kuma mai busasshiyar zuciya ba.

Sai Aljeriya. Ya karanta fassarar Alƙur'ani a 1838 yana rubuta ta'aliƙi, domin ya san mutanen da ƙasarsa ke yaƙa. Ya je can da ƙafarsa a 1841, ya koma a 1846. A watan Oktoban 1841 ya rubuta dogon nazari, wanda ba a buga ba sai bayan mutuwarsa, kuma shi ne littafi na biyu da yaron nan ya kawo mini. A lokacin Janar Bijo (Bugeaud) ne gwamna, yana yaƙi da Amir Abdulƙadir. Da ya ga ba zai iya kama mayaƙan ba, sai ya koma kan abin da suke ci. A faɗa wa ƙauye da asuba, a ƙona gona, a tone rumbunan ƙasa, a kore dabbobi, a kwashe mata da yara. A Faris akwai masu cewa wannan abin kunya ne. Tokabil ya ambace su, ya ce mutanen kirki ne yana ganin girmansu, amma bai yarda da su ba. A wurinsa waɗannan abubuwa larura ce mara daɗi da duk mai son yaƙi da Larabawa dole ya ɗauka. Ya ƙara da cewa a hana su ciniki, a rushe duk wani gari da Amir zai iya fakewa a ciki, a kuma yi doka iri biyu a ƙasar, ɗaya ta Turawan da za a zaunar, ɗaya ta 'yan ƙasa.

Jama'a, mu manoma ne da 'ya'yan manoma, ba sai an yi mana tafsirin ƙona rumbu ba. Mayaƙi yana da doki, zai gudu ya ci a wani wuri. Wanda ke mutuwa shi ne yaron da aka yaye, da tsohuwa, da mai ciki, kuma ba ranar za su mutu ba, sai bayan wata uku ko huɗu, lokacin da sojan ya riga ya koma bariki ya wanke hannunsa. Tokabil ya san haka. Ai don haka ne ma dabarar take aiki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a cikin wannan nazarin dai ya yarda cewa a yadda ake yaƙin a lokacin, Faransawa sun fi Larabawa dabbanci, wayewar tana ɓangaren Larabawa. Ya soki hafsoshin da ke kashe duk wanda suka kama. Wato yana da iyaka: kada a yanka fursuna, amma a ƙona abincin 'ya'yansa. A watan Yunin 1845 Kanar Felisiye (Pélissier) ya tarar da ƙabilar Aulad Riyah sun ɓuya cikin kogunan duwatsun Dahra da matansu da dabbobinsu, ya sa aka hura wuta a bakin kogon har hayaƙi ya kashe ɗaruruwa. Labarin ya kai Faris, an yi ta cece-kuce, Bijo ya tsaya wa yaronsa. Mutumin da ya yi kukan Cokto ba a ji ya tashi a majalisa ya la'anci wannan ba.

Amsa mai sauƙi ita ce a ce munafuki ne, a rufe littafi. Ɗalibin nawa ma haka ya so mu ce. Na hana shi. Munafuki yana ɓoye abin da ke ransa. Wannan kuwa ya rubuta nasa dalla-dalla da hujjoji. In ka kira shi munafuki ka huta, amma ba ka koyi komai ba, kuma gobe in wani ya zo maka da irin hujjar cikin sabuwar riga ba za ka gane ta ba. Gara mu bi ta yadda muke bin mas'ala a zaure: mene ne hukuncin, mece ce illarsa, kuma illar ta tabbata ko ba ta tabbata ba?

Illa ta farko a wurin Tokabil ba ta shafi Aljeriya ba sam. Faransa ta shafa. Yana tsoron cewa mutanen da suka sami 'yanci da kasuwa za su zama ba abin da ke gabansu sai ciki da aljihu, zuciyarsu ta mutu, wani mai ƙarfi ya zo ya hau kansu. Maganin da ya gani shi ne a ba su wani babban aiki na ƙasa da za su yi alfahari da shi. Ya kuma ce idan Faransa ta janye daga Aljeriya duniya za ta ɗauka ta fara faɗuwa, Ingila ta wuce ta. To ka ji. Zaman lafiyar cikin gida yana haifar da cuta, yaƙin waje shi ne magani, kuma jikin wani ake tsagawa. Mutumin Dahra bai shigo lissafin a matsayin mutum mai haƙƙi ba. Ya shigo ne a matsayin wurin da Faransa za ta motsa jini.

Illa ta biyu abokinsa ne ya tsara ta, Baturen Ingila John Stuart Mill, wanda za mu kira Mil. Sun yi shekaru suna musayar wasiƙu, kuma Mil ne ya tallata littafin Tokabil a Ingila. Shi Mil shekara talatin da biyar ya yi yana aiki a kamfanin da ke mulkin Indiya, daga 1823 zuwa 1858. A 1859 ya fitar da littafinsa a kan 'yanci, wanda har yau ake karantarwa, kuma akwai alheri a cikinsa. Amma tun a muƙaddima ya yi togiya: wannan 'yancin na manya ne masu hankali, ban da yara, ban da al'ummomin da a ganinsa suna matsayin yara. Su waɗannan mulkin danniya ya halatta a kansu muddin niyyar gyara su ce. (Abin dariya, misalin da ya kawo na mai danniya nagari har da Akbar, sarkin Musulmi na Indiya. Wato ko a wurinsa mutanen sun taɓa fitar da mai iya mulki.) A ƙarshen shekarar kuma ya rubuta maƙala a kan rashin tsoma baki cikin al'amuran wasu ƙasashe. A nan ya ce ƙa'idojin da ke tsakanin ƙasa da ƙasa, irin su girmama iyaka da 'yancin kai, suna aiki ne tsakanin wayayyu kawai. Dalili? Domin ƙa'ida tana bukatar kowane ɓangare ya cika nasa, su kuwa waɗanda ya kira marasa wayewa ba a iya dogara da su su cika alkawari. Ya ma ambaci Aljeriya da Indiya da suna, ya ce masu sukar abin da ake yi a can sun ɗauko ma'aunin da ba nasa ba.

Nan ne gindin maganar. Mazhabar ba ta ce yaƙi abu ne mai kyau ba. Cewa ta yi zaman lafiya yarjejeniya ce tsakanin masu hankali, sannan ta riƙe wa kanta ikon faɗin wane ne mai hankali. Ta shata da'ira. A ciki akwai doka, da jakada, da sulhu, da haƙƙin fursuna. A waje babu abokin yaƙi ma balle abokin sulhu. Akwai dai yaro mai taurin kai da ake horo. Shi ya sa suka daina kiran abin yaƙi. Faransawa suka sa masa suna fasifikasiyon, ma'ana kwantar da ƙasa, sanya lafiya. Wanda ya kare gonarsa ya zama mai tada fitina, wanda ya zo daga bayan teku da igwa ya zama mai kawo lafiya. Ɗalibai masu nahawu, ku dubi yadda aka mayar da fa'ili maf'uli.

Yanzu mu gwada illar Mil. Ya ce ba sa cika alkawari. To a Aljeriyar da ya kawo misali, wa ya karya? Ranar 5 ga Yulin 1830, da birnin ya miƙa wuya, Faransa ta sa hannu cewa ba za a taɓa addinin mutane da dukiyarsu ba. Ba a yi shekara uku ba aka ƙwace masallacin Kacawa aka mayar da shi coci, aka kuma bi dukiyar waƙafi ana haɗiyewa. A 1837 Bijo da kansa ya ƙulla sulhun Tafna da Amir Abdulƙadir. Takardar tana da nassi biyu, na Larabci da na Faransanci, kuma ba su faɗi abu ɗaya ba a kan iyakar gabas. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai a matsayina na malamin Larabci: kalma ɗaya da tafinta ya karkatar tana iya cin rayukan dubbai. A 1839 rundunar Faransa, da ɗan sarkinsu a cikinta, ta ratsa ta yankin da Amir ke ganin nasa ne, yaƙi ya dawo. A Disamban 1847 Amir ya ajiye makami bisa alkawarin za a kai shi Iskandariyya ko Akka. Janar ya yi alkawarin, ɗan sarki ya tabbatar. Aka sa shi a jirgi aka kai shi Faransa aka tsare har 1852. Shi kuwa da aka sake shi bisa alkawarin ba zai koma yaƙi ba, bai koma ba har ya rasu, kuma a 1860 a Dimashƙa shi ya buɗe gidansa ya tsare Kiristoci masu yawa daga masu son kashe su. Ban ce ɓangarensa ba a yi laifi ba; a 1846 an kashe fursunonin Faransa a sansaninsa ba ya nan, kuma wannan tabo ne. Amma in ana maganar wa ke riƙe alkawari, illar Mil ta faɗi a kan misalin da shi ya zaɓa da hannunsa.

Kada wani ya ce wannan labarin Larabawa ne. Da'irar nan ta biyo ta ƙofar gidanmu. Daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885 ƙasashe goma sha huɗu suka zauna a Balin a kan Afirka, ba ɗan Afirka ko ɗaya a ɗakin. Taron zaman lafiya ne fa, a ma'anarsu: yadda za su ci ba tare da sun yi faɗa da juna ba. Kuma ya yi aiki. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi, a 1898 suka sake gyara shi, ba wanda ya harbi ɗan'uwansa. Harsashin mu ya samu.

Ku dubi shekarar 1899 kawai. A watan Mayu, bisa gayyatar sarkin Rasha, ƙasashe ashirin da shida suka buɗe babban taron zaman lafiya a birnin Lahai na ƙasar Holan, suna tsara yadda za a tausaya wa fursuna da yadda za a kai saɓani gaban masu sulhu. A wannan watan ne rundunar Bule da Shanuwan (Voulet da Chanoine) ta faɗa wa Birnin Ƙonni ta yi kisan da har yau tsofaffi ke ba da labarinsa, bayan ta riga ta yi karo da Sarauniya a Lugu a watan Afrilu. A can Lahai ana muhawara a kan wani harsashi mai fashewa cikin jiki da ake kira dumdum. Wakilin Ingila ya ƙi yarda a hana shi, hujjarsa ita ce harsashi na yau da kullum ba ya tsayar da wanda ya kira ɗan daji. Hanin da aka rubuta ma ya ɗaure waɗanda suka sa hannu ne a yaƙin da ke tsakaninsu kawai. Gaskiya ne da labarin ta'asar ya kai Faris an turo Kanar Kulob ya karɓe rundunar, kuma Bule ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli. Amma abin da ya girgiza Faransa shi ne Bafaranshe ya kashe Bafaranshe. Rundunar ba a mayar da ita gida ba. Wasu hafsoshi suka ja ta gaba, a ƙarshen Yuli, daidai lokacin da ake rufe taron Lahai, aka yi karon Tirmini aka shiga Damagaram. Bayan haka sai dokar 'yan ƙasa, wadda aka fara a Aljeriya, wadda ta ba kwamandan ikon ɗaure mutum ba alƙali ba shaida, da aikin tilas, har 1946. Dokar nan iri biyu da Tokabil ya ba da shawara a 1841, kakanninmu sun ɗanɗana irinta.

Adalci ya wajaba ko a kan wanda kake suka. Ba duka suka tafi a haka ba. Kant, duk da munanan maganganun da ya taɓa yi a kan baƙar fata, a littafin nan na 1795 ya soki ƙasashen Turai masu ciniki da cewa sun mayar da ziyara cin ƙasa, suna ɗaukar mutanen wurin kamar babu su. A Yulin 1885, da Jules Ferry, mutumin da ya kafa lakwal kyauta a Faransa, ya tsaya a majalisa ya ce jinsin da ke sama yana da haƙƙi a kan na ƙasa, Clemenceau ya mayar masa da cewa shi ya daina yarda da irin wannan zance tun da ya ji malaman Jamus suna cewa an ci Faransa da yaƙi ne don jinsinta na ƙasa ne. Mil kansa, da gwamnan Jamaika ya kashe baƙaƙe sama da 400 a 1865, shi ya jagoranci masu neman a gurfanar da gwamnan, ya sha zagi a kai, bai kuma yi nasara ba. Tokabil ma a rahotonsa na majalisa na 1847 ya faɗi abin da ya kamata kowane ɗalibin makarantarmu ya sani: cewa sun tarar da Musulmin Aljeriya da waƙafai masu ciyar da miskinai da makarantu, suka cinye kuɗin, makarantu suka rushe, malamai suka watse, suka bar mutanen sun fi yadda suka same su talauci da jahilci. Ya yi gargaɗin cewa in aka ci gaba a haka, ƙarshenta al'ummomin biyu za su yi faɗan da ba tausayi. Daga 1954 zuwa 1962 an ga hakan.

Sai dai ku lura da inda duk wannan nadamar ta tsaya. Mil yana so a hukunta gwamnan da ya wuce gona da iri. Bai ce a bar Jamaika ba. Tokabil yana so a yi mulki da kyau. Bai ce a fita ba. Suna jayayya a kan nauyin bulala. Hannun da ke riƙe da ita ba su tambaye shi izininsa ba. Abin da zan yarda da shi shi ne mazhabar tana ɗauke da makamin da za a iya juya mata, kuma waɗanda suka nemi 'yancin ƙasashenmu sun juya shi: sun ce kun ce mulki sai da yarda, to mu ba mu yarda ba. Amma masu mazhabar ba su faɗaɗa da'irar don kansu ba. Waɗanda ke waje ne suka tura ƙofar.

A dare na ƙarshe yaron nan ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, a gafarce ni. Mu ma ba mu da da'irar? Ba ga darul Islam da darul harbi a littattafan da kuka karantar da mu ba?" Na ji daɗin tambayar, domin ɗalibin da ba ya tambaya irin wannan bai fara karatu ba. Na ce masa muna da ita, kuma ba zan ɓoye maka ba. Akwai bambanci guda da nake ganin na gaske ne: a fiƙihu wanda ke waje abokin alkawari ne cikakke, sulhu da shi yana ɗaure mu, amanar da mafi ƙanƙantar Musulmi ya ba shi tana ɗaure sarki, ba a kuma ce masa yaro ne da ba a ƙulla magana da shi. Mil kuwa wannan matsayin ne ya cire. Amma kada mu yi saurin murna. Malamanmu sun yi saɓani a kan sare itatuwa da ƙona kayan abokan gaba, wasu sun halatta da sharuɗɗa. Ahmad Baba na Tumbutu ya yi fatawa a 1615 cewa launin fata ba ya halatta bautar da mutum, ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin waɗanda ba a taɓawa. Amma lissafin da ya kare wasu ya bar wasu a fili. Shehu Laminu na Barno ya rubuta wa Muhammadu Bello yana tambayarsa da wace hujja ake yaƙar masu salla, Bello ya amsa, kuma ya adana wasiƙun a littafinsa. Sarakunan wannan yanki kuma, har da na garinmu, sun kai hari ƙauyuka sun kamo mutane sun sayar, ba duka ne aka tsaya tambayar addininsu ba. Wanda ya ƙi jin wannan bai da bakin sukar Tokabil.

Akwai abu ɗaya da ya hango daidai, kuma a kansa ya faɗo. A nazarin nan na 1841 ya nuna tsoron hafsoshin da ke koyon aiki a Aljeriya, waɗanda suka saba mulki ba doka ba mai ce musu don me. Ya yi fatan kada Faransa ta taɓa faɗawa hannun irinsu. A Yunin 1848 talakawan Faris suka yi bore, aka kira Janar Kabenyak (Cavaignac), wanda bai daɗe da barin kujerar gwamnan Aljeriya ba, ya murƙushe su da igwa a cikin unguwanninsu, dubbai suka mutu. Tokabil yana bayansa a lokacin. Ranar 2 ga Disamban 1851 shugaban ƙasa Luwi Nafoliyon ya rushe majalisa, kuma ministan yaƙin da ya shirya masa sojan shi ne Santarno (Saint-Arnaud), wanda a 1845 ya toshe bakin wani kogo a Aljeriya da mutane a ciki. 'Yan majalisa sama da ɗari biyu suka taru don su ce doka ba ta yarda ba. Soja suka kewaye su suka tisa ƙeyarsu zuwa bariki, Tokabil yana cikinsu. Kwana biyu ya yi a tsare aka sake shi, ya bar siyasa, ya ci gaba da rubutu har ya mutu.

Fassarar Larabcin na bar ta a ɗakin karatu na masallaci, wajen mai kula da littattafai. Ɗaliban aji na sama da ke son dubawa su fara da rahoton 1847, sannan su koma na 1841, su zo mu tattauna ranar Alhamis bayan la'asar. Wallahu a'alamu.